Yadda Za Ka Gano Ramin Albategnius a Kan Wata Daga Sakkwato, Ka Auna Tsauninsa, Ka San Mai Sunan

Kusa da tsakiyar fuskar wata, kaɗan daga kudu, akwai wani tsohon rami mai faɗin kilomita kusan 130 da ake kira Albategnius. Faɗin nan ya yi daidai da tazarar Sakkwato zuwa Birnin Kebbi in an ja layi miƙaƙƙe. A taswira yana kan digiri 11.2 kudu da digiri 4.1 gabas. Ga wanda zai fara karatun saman wata, a ganinmu babu ramin da ya fi shi dacewa. Yana tsakiya, don haka siffarsa ba ta matsewa kamar ta ramukan gefe. Yana da girman da ƙaramin madubi zai kama. Kuma lokacin da ya fi fitowa ya faɗo a kan kwanan watan da kowa a garin nan yake bi. Abin da ke raba mai nasara da wanda ya sha wahalar banza shi ne zaɓen dare, tun kafin a zo maganar tsadar kayan aiki.

Mataki na farko: zaɓen dare

Rami ba ya bayyana sai da inuwa. Daren sha huɗu ga wata rana tana bisa kansa tsaye, inuwa ta ɓace, sai ka ga wurin fari fat, ko da babban madubi da ƙyar za ka gane bakinsa. Abin da kake nema shi ne lokacin da layin da ya raba haske da duhu yake ratsa ramin ko ya ɗan wuce shi. Ga Albategnius wannan yana faruwa ne sa'ad da wata ya kai rabi, wato daren 7 ko 8 bisa lissafin da Fadar Sarkin Musulmi ta sanar. Ka tuna dare yana gaba da yini, daren 7 shi ne wanda ya shigo da magaribar ranar 6. Tafiyar wata ba ta zama daidai kowane lokaci, ganin jinjiri ma yakan zo da wuri ko ya ɗan makara, saboda haka ka ware darare uku, na 6 da na 7 da na 8.

Layin hasken yana tafiya yamma da kusan rabin digiri a awa, digiri 12 da ɗan ɗoriya a kwana. Digiri ɗaya a saman wata kilomita 30 ne. Ke nan daga sa'ad da rana ta taɓa bakin gabas na ramin zuwa ta kai bakin yamma ana ɗaukar awa takwas zuwa tara. Wanda ya duba bayan magariba ya sake dubawa ƙarfe goma zai ga inuwa ta ja baya a zahiri. Mai son daidaito sai ya sa manhajar Virtual Moon Atlas a kwamfuta ya duba lambar da ake kira kolonjitud, wadda ke nuna, da digiri daga 0 zuwa 360, inda layin fitowar rana ya kai a saman wata. Rana tana fitowa a tsakiyar ramin a 356, kuma daga 357 zuwa 5 ne kallo ya fi daɗi.

Lokacin shekara ma yana da tasiri. Oktoba da Nuwamba sun fi, ruwa ya ɗauke, sama ta wanku, hazo bai kankama ba. A tsakiyar hunturu ƙura tana dushe bambancin haske da inuwa, amma kada ka fasa don hazo mara kauri, wata yana da hasken da zai ratsa shi. Wajen Maris kuwa rabin wata yakan hau ƙololuwa har ya ɗan karkata arewa, domin Sakkwato tana kan digiri 13 ne kawai arewa da tsakiyar duniya. A irin wannan dare ka jira awa biyu ya ɗan gangaro yamma, wuyanka ya huta.

Mataki na biyu: kayan aiki da wurin kafa su

Madubin hangen nesa mai ido biyu, mai lamba 10x50, zai nuna maka ramin a matsayin ƙaramin zobe, muddin ka jingina gwiwar hannu a kan katanga ko ka ɗaure shi a mazauni mai ƙafa uku. Don ganin tsaunin tsakiya da sauran fasali kana bukatar madubi mai faɗin baki milimita 70 zuwa sama. Mai 70 yana rarrabe abin da ya kai kilomita 3 a saman wata in iska ta natsu, mai 130 yana sauka ƙasa da kilomita 2.

Ƙarfin girmamawa ana samunsa ne ta raba tsawon zangon hasken madubi da na gilashin ido, duka biyun suna rubuce a jikinsu. Madubi mai 900 da gilashin ido mai 25 ya ba da sau 36, da mai 10 ya ba da sau 90. Ka fara da 36 ka nemo wurin, sannan ka koma 90. Iyakar abin da zai amfane ka ita ce ninki biyu na faɗin baki, wato sau 140 ga mai 70. Kwalin da ya yi maka alkawarin sau 500 a ƙaramin madubi hoto mai dishi-dishi kawai zai ba ka.

Babbar matsalar garinmu zafi ne. Daɓen siminti da rufin kwano suna shan rana yini guda, da dare su yi ta sakin ta, iskar da ke tashi daga kansu ta riƙa karkaɗa hoton. Ka kafa madubi a kan ƙasa ko yashi, ka kauce wa hango wata ta saman rufin maƙwabci, ta saman janareto ko murhu. Ka fitar da shi waje minti 30 kafin ka fara, musamman in daga ɗaki mai sanyi ya fito. In ƙura ta hau gilashi kada ka goge da bakin riga, yashin da ke cikinta yana karce rufin gilashin kuma karcen ba ya gyaruwa. A hure ta da 'yar robar hura iska tukuna. In yara na kusa kuma aka kafa tun kafin rana ta faɗi, a rufe bakin madubin, domin kallon rana ta cikinsa yana makantarwa nan take.

Mataki na uku: nemo shi

Kada ka dogara da sama da ƙasa ko hagu da dama. A nan wata yakan bi ta kudunka wani lokaci, wani lokaci ta arewa, fuskarsa ta juya. Madubi mai faranti a gindi yana kifar da hoto gaba ɗaya, mai gilashi a gaba da ƙaramin madubin kwana yana musanya hagu da dama. Ka kafa alƙiblarka da alamomin da ke kan watan kansa.

Ɓangaren da ke da haske a daren rabi shi ne gabas a taswirar wata, ko da yake a sama yamma yake fuskanta. Kusa da gefensa akwai wani baƙin fili mai siffar ƙwai shi kaɗai, Mare Crisium. Rabin da manyan baƙaƙen filaye suka fi yawa shi ne arewa, rabin da ya yi fari ya cika da ramuka kan ramuka shi ne kudu. Yanzu bi layin haske da duhu zuwa tsakiyarsa daidai, inda za ka iske ƙaramin fili mai duhu, Sinus Medii. Gangara kudu kaɗan, za ka ga wani babban rami da ya lalace ƙwarai, bakinsa ya zube, shi ne Hipparchus. A gindinsa ta kudu akwai ƙaramin rami mai kaifin baki, Halley. Wanda ke biye da su ta kudu, mai zurfi, mai tsauni a ciki, shi ne Albategnius.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne da jerin manyan ramuka uku da ke yamma da shi: Ptolemaeus, Alphonsus da Arzachel. Rana tana isa gare su kusan awa 12 bayan ta isa Albategnius, don haka a daren 8 duk suna fili tare. Ptolemaeus ya fi shi faɗi, kilomita 150 da 'yan kai, kuma ba shi da tsaunin tsakiya. Alphonsus yana da tsauni amma yana manne a tsakiyar jeri. Shaidar da ba ta kuskure ita ce wani rami mai faɗin kilomita 44, Klein, da ya ci bangon Albategnius ta kudu maso yamma. In ka ga babban zobe da ƙaramin zobe ya cije shi a wannan kusurwa, ka iso.

Mataki na huɗu: karanta abin da ke gabanka

Fara da bango. Bai zagaye sosai ba, ya fi kusa da siffa mai kusurwa shida. Ta arewa maso gabas tsayinsa daga ƙasan ramin ya haura mita 4,000. Ka lura da yadda ya ragargaje: ƙananan ramuka sun huda shi, wasu sassa sun zaftare, matakalar da ake gani a bangon sababbin ramuka irin Copernicus ta kusa shafewa a nan. Wata ba shi da ruwa ko iskar da za ta cinye dutse, don haka duk wannan lalacewa aikin duwatsun da suka yi ta faɗowa ne cikin dogon zamani. Masana suna sa Albategnius a zamanin da ake kira na Nectaris, shekara biliyan 3.9 da suka wuce ko fiye kaɗan.

Ka'idar gane wanda ya girmi wani mai sauƙi ce: wanda ya yanke bangon ɗan'uwansa shi ne ƙarami. Klein ya yanke Albategnius, ke nan daga baya ya zo. Haka ramin da ke jikin bangon arewa ta ciki, Albategnius B.

Sannan ka nemi wasu dogayen kwaruruka da suka tsaga bangon da tuddan da ke kewaye, duk sun miƙe kusan hanya ɗaya, daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas. Sai inuwa ta yi tsawo suke fita sosai. In ka ja layinsu baya a taswira za su kai ka Mare Imbrium, babban filin arewa maso yamma. Lokacin da ƙaton dutsen da ya haƙa wannan fili ya faɗo, tarkacen da ya watso sun bi ta nan a kwance suna karce ƙasa. Tunda karcen yana kan bangon Albategnius, ramin ya riga Imbrium samuwa. Wannan hujja ce da za ka iya tabbatarwa da idonka da madubin milimita 100, kuma a wurinmu ita ce abu mafi daraja a duk kallon.

Ƙasan ramin shimfiɗe take, amma ba baƙa ba ce kamar filayen da narkakken dutse ya malale. Launinta toka-toka ne mai haske. Irin wannan shimfiɗa a tuddan tsakiyar wata ana danganta ta da tarkacen manyan faɗuwa da suka cike ƙananan wurare, fahimtar da ta ƙarfafa bayan 'yan sama jannatin Apollo 16 sun sauka a yankin Descartes, gabas da nan, a Afrilun 1972, suka kwaso duwatsun da suka zama farfasassun da suka sake haɗewa, ba na aman wuta ba kamar yadda aka zata. Cikewar nan ce ta rage wa ramin zurfinsa na asali.

Tsaunin tsakiya ya ɗan karkata yamma daga cibiya. Tsawonsa daga arewa zuwa kudu bai cika kilomita 20 ba, faɗinsa rabin haka, tsayinsa kimanin kilomita 1.5. Asalinsa ƙasa ce da ta dannu a lokacin faɗuwar sannan ta yunƙuro sama cikin 'yan mintuna. Ramukan da ba su kai kilomita 15 zuwa 20 ba ba su da irinsa, sai waɗanda suka wuce haka. A bisa ƙoƙonsa akwai wani ɗan mitsitsin rami, wanda ganinsa yake bukatar madubi babba da dare mai natsuwa. In bai fito maka ba kada ka ɗora wa idonka laifi.

Mataki na biyar: auna tsaunin da inuwarsa

Ɗauki hoto ta hanyar ɗora kyamarar waya a kan gilashin ido. Rage hasken kyamarar da hannu har sai gefen wata ya daina ƙonewa fari, ka ɗauki bidiyo na daƙiƙa goma, ka zaɓi hoton da ya fi kaifi a ciki. Rubuta kwanan wata da awa da minti nan take.

A kan hoton auna abu biyu da ma'auni ɗaya: faɗin ramin daga baki zuwa baki, da tsawon inuwar tsaunin daga ƙoƙonsa zuwa ƙarshenta. Da safiyar wata inuwar tana faɗawa yamma. A ce faɗin ya ba ka milimita 40, inuwa ta ba ka 5. Inuwa kashi ɗaya cikin takwas ce ta kilomita 130, wato kusan kilomita 16.

Sai tsayin rana a wurin, wato digiri nawa ta hau sama ga wanda ke tsaye a cikin ramin. Ƙara 4, wato digirin gabas da ramin yake kai, a kan kolonjitud na lokacin da ka ɗauki hoton, in ya wuce 360 ka cire 360. Kolonjitud 1 ya ba da digiri 5. In babu manhaja, auna tazarar tsaunin zuwa layin duhu da ma'aunin nan, ka raba kilomitocin da 30. A kalkuleta mai lissafin kimiyya danna maɓallin tan na 5, zai ba ka 0.0875. Ninka da 16, ka sami kilomita 1.4. Ka kusa ƙwarai da abin da na'urori suka auna.

Ga inda lissafin yake karkacewa. In rana ba ta kai digiri 3 ba, inuwar tana kai kilomita 29 ko fiye, lanƙwasar saman wata ta shigo ciki, wani lokaci ƙarshen inuwar ya hau bangon yamma ko bakin Klein, sai a sami amsa ƙasa da gaskiya. In ta wuce digiri 10, inuwar ta koma kilomita 8 kuma yawancinta a kan gangaren tsaunin take. Tsakanin 4 da 7 ne ya fi. Kuskure na biyu shi ne kalkuleta da ke kan radiyan, wani ma'aunin kusurwa daban, maimakon digiri. Na uku, agogon Najeriya yana gaba da agogon duniya (GMT) da awa ɗaya, kuma awa ɗaya rabin digiri ce, wanda a digiri 5 kuskuren kashi 10 cikin ɗari ne.

Yadda ya sami sunansa

A 1610 Galileo, masanin taurari na Italiya, ya buga littafinsa Sidereus Nuncius, da zanen wata kamar yadda ya gan shi a ƙarshen 1609 da madubi mai girmamawa kusan sau 20. A zanen rabin wata akwai wani ƙaton rami a kan layin duhu, kudu da tsakiya, wanda ya zana fiye da girmansa ya kuma kwatanta shi da ƙasar Bohemiya da duwatsu suka kewaye. Masu binciken tarihin taswirar wata da dama sun tafi a kan cewa Albategnius ne. Galileo bai sa masa suna ba.

Cikin shekara shida an raɗa masa suna uku. A 1645 Michael van Langren, mai yi wa sarkin Sifaniya aikin taswira, ya cika watansa da sunayen sarakuna da manyan Turai, ya ba wannan rami sunan Sarki Ferdinand na III. A 1647 Johannes Hevelius na birnin Danzig ya fitar da Selenographia, inda ya ɗauko sunayen duwatsu da tekunan duniya ya jera a wata, ya kira shi Mons Didymus. Sai a 1651 Giovanni Riccioli na Bolonya a Italiya ya buga Almagestum Novum, da taswirar da abokin aikinsa Francesco Grimaldi ya zana, ya raba wa ramuka sunayen masana taurari da falsafa. Tsarinsa ne ya ɗore, kuma dalilin a bayyane yake: sunan sarkin wata ƙasa ba zai karɓu ga abokan gabarsa ba, sunayen Hevelius dogaye ne masu wuyar riƙewa, malamai kuwa kowa ya yi karatu a littattafansu.

Wanda Riccioli ya girmama a nan shi ne Abu Abdullahi Muhammad ɗan Jabir ɗan Sinan al-Battani, wanda Turawa suka rubuta sunansa da Latin Albategnius. An haife shi wajen 858 a Harran, kudancin Turkiyya ta yau, ya shafe kusan shekara 40 yana auna sama a Raƙƙa ta Siriya, ya rasu a 929 kusa da Samarra a Iraƙi. Ya ƙayyade tsawon shekarar rana a kwana 365, awa 5, minti 46, daƙiƙa 24, bambancinsa da ma'aunin yau minti biyu ne da 'yan daƙiƙu. Ya auna karkatar hanyar rana a digiri 23 da minti 35. Ya nuna cewa girman rana da wata a ido yana sauyawa, har ana iya samun kusufin da zoben rana zai rage a bayyane. Plato na Tivoli ya fassara littafinsa, Zij, zuwa Latin a ƙarni na 12, aka buga shi a Nuremberg a 1537, kuma masanin taurari Copernicus ya kafa hujja da ma'aunansa. Dubi kuma inda aka ajiye shi, gefen Hipparchus da Ptolemaeus, wato malaman da ya gaji lissafinsu ya gyara.

Tabbatar da sunan a hukumance ya ɗauki lokaci. A ƙarni na 19 masu taswira sun yi ta ƙara nasu, har rami ɗaya ya kan amsa suna biyu ko uku. Mary Blagg ta Ingila ta tattara ta daidaita su a 1913, sannan a 1935 Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya, wadda aka kafa a 1919, ta amince da jerin da ita da Karl Müller suka shirya. Albategnius yana ciki. Haruffan da ke bin sunan, kamar Albategnius B, tsari ne da Johann Mädler ya yaɗa a taswirarsa ta shekarun 1830 don ƙananan ramukan da ke kewaye da babba. Klein ma da harafi aka san shi, Albategnius A, kafin a ba shi sunan Hermann Klein, Bajamushe mai nazarin wata. Ƙa'idar yau ita ce sai mutum ya shekara uku da rasuwa kafin a sa sunansa.

In tsohuwar taswira ta faɗo hannunka ka kula da abu biyu. Yawancinsu kudu ce a sama, don su dace da abin da madubi ke nunawa. Kuma kafin 1961 gabas da yamma a juye suke, ɓangaren Mare Crisium ake kira yamma. Bayanin da ya ce Klein yana bangon gabas ba kuskure ba ne, tsohon tsari ne.

Da zarar ka riƙe Albategnius, ka yi amfani da shi wajen nemo maƙwabtansa masu sunayen malaman duniyar Musulmi. Dare ɗaya kafin nasa, gabas maso kudu da shi, akwai Abulfeda na Abul Fida da Almanon na Halifa Ma'amun, kudu da su kuma Azophi na Abdurrahman as-Sufi. Dare ɗaya bayansa sai Arzachel na az-Zarƙali, da Alpetragius na al-Bitruji mai ƙaton tsauni a ciki, da Thebit na Sabit ɗan Ƙurra. Sannan ka sake komawa kansa a daren 21 ko 22, daga ƙarfe biyu na dare zuwa asuba, lokacin da rana take faɗuwa a can. Inuwar tsaunin za ta juya gabas inda filin ya fi faɗi kuma Klein ba ya tare ta. Lissafin tsayin rana a wannan karon shi ne ka cire kolonjitud daga 176, sai ka gwada sabon awon da na daren 7.